Audi da Tsutsar Kabeji

A ƙauyukan bakin fadama da ke kusa da Sandamu, idan ka ce Audi sai a tambaye ka wanne. Idan ka ce Audi Kabeji kuwa, kowa ya gane. Dogo ne siriri, mai saurin magana da saurin fushi, sai dai fushinsa ba ya kwana. A Jos ya koyi noman kabeji, inda ya daɗe yana ƙwadago a lambun wani. Da rikici ya ɓarke can a shekarar dubu biyu da ɗaya, ya kwaso matarsa Kulu da 'ya'yansu ya dawo gida, da ƙullin irin kabeji a aljihu.

Mutanen fadama albasa suka sani, da tumatir da tattasai. Ranar da kabejin Audi ya fara dunƙulewa, maƙwabcinsa na lambu, Nagoggo, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Wannan kuma wa zai ci?" in ji shi. "Ba ya miya, ba ya tuwo."

Mai ci kuwa ta samu. A cikin Daura akwai Chidimma, wadda aka fi sani da Maman Ijeoma. Mijinta gidan giya yake da shi a da, zuwan Shari'a aka rufe, sai ta mai da wurin gidan abinci, tana dafa shinkafa da haɗin salak. Daga Kano ake kawo mata kabeji, ya iso a yamutse. Da ta ga na Audi, jiƙe da raɓa, ta ce duk abin da ya yanka ya kawo mata. Daga teburinta malaman makaranta suka saba da shi, daga nan ya shiga gidajen biki.

Ranin farko da na biyu lafiya lau. Ƙwarin da ke damun tumatir ɗin Nagoggo ba sa ko waiwayar kabeji, Audi kuwa bai bar wannan ya wuce a ɓoye ba. Kullum sai ya leƙa ta kan shinge ya ce, "Yaya masu jinya?"

A rani na uku ya wayi gari ya ga ganye da 'yan tagogi, an cinye ƙasan an bar wata fata shara-shara. Ya juya ganyen, sai ga tsutsa koriya, ba ta kai tsawon farce ba. Yana taɓa ta, ta yi wutsil-wutsil da baya, ta sulale ƙasa a kan zare kamar gizo-gizo. Ya sayo magani ya fesa, suka mutu. Shekara ta zagayo, ya fesa maganin nan dai, suka ci gaba da kiwonsu kamar wanka ya yi musu. Ya ƙara ƙarfin magani. Ya sauya wani. Har toka ya barbaɗa, har barkono ya jiƙa, shi ya yi ta atishawa, su ko a jikinsu.

Ran nan Maman Ijeoma ta tare shi a bakin shagonta da faranti a hannu.

"Malam Audi, dubi nan. Wani maigida yana cikin ci ya ga abu yana tafiya."

"Ai kin ga alamar ban cika magani ba ke nan."

"Wancan makon kuma warin magani ya hana ni yankawa. Ni ba na son tsutsa, ba na son magani. Kabeji nake so."

Ya ɗora buhunsa a babur ya komo, yana faɗa shi kaɗai har gida.

Wanda ya warware masa zancen shi ne Maharazu, malamin gona, wani mai sanyin murya da ke zagaya fadamun yankin. Ya tsinki ganye ya murje a tafin hannu ya miƙa wa Audi.

"Baba, shinshina. Ka ji wannan ɗan yajin? Makamin kabeji ke nan. Akwai wani sinadari kwance a cikin ganyen, ba ya tashi sai an tauna. Da ƙwaro ya ciza, sai ya zama abu mai yaji da ɗaci, yawancinsu su bar shi."

"To wannan 'yar banzar fa?"

"Ita akwai abin da ke cikinta da ke kashe kaifinsa tun bai tashi ba. Uwarta kuma, ɗan ƙwaron nan toka-toka mai fiffike da ke tashi in ka girgiza ganye, da wannan sinadarin take gane kabeji ta saka ƙwai."

Audi ya dubi lambun tun daga wannan kai har wancan.

"Tsaya, Malam. Kana nufin abin da ke korar kowa shi ne ke kiran ta?"

"Haka Allah Ya yi shi."

"Wato ni nake ban ruwa, ni nake zuba taki, shi kuwa yana zaune yana yi mata shela!"

Nagoggo da ke jin su ta bayan shinge ya yi dariya har ya zauna a cikin albasa.

Maharazu ya kawo shawara. Akwai wani ganye ɗan'uwan kabeji, mastad, wanda uwar tsutsar ta fi so. A shuka shi layi-layi a gefen lambu, ta tafi can ta zuba ƙwanta, sai a feshe shi kaɗai a bar kabeji. Audi ya karɓi irin yana gunaguni, wai yanzu har gona zai yi wa tsutsa. Amma ya shuka, abin kuma ya yi aiki. Mastad ya cika da ƙwari, kabeji ya fara dunƙulewa sumul.

Ya shirya feshi ke nan aka aiko masa da rasuwar kawunsa a Baure. Ya tafi zaman makoki. Da ya dawo ya zarce lambu, ya tarar da layukan mastad tsirara, sai kara. Ƙwarin kuwa, da suka rasa masauki, sun koma kan kabeji gaba ɗaya.

Ya iso gida yana huci, ya sami Kulu da matan maƙwabta sun kewaye kwano.

"Sannu da hanya, Malam," in ji Kulu. "Zo ka ɗanɗana. Wannan ganyen naka ya fi zogale daɗin kwaɗo, ga ɗan yaji-yaji. Mun wanke shi tas."

Audi ya leƙa kwanon. Abin da ya fara zuwa ransa shi ne, da bai yi tafiyar nan ba, da ya riga ya feshe ganyen da guba. Ya zauna a kan turmi yana salati. Sai da ya tabbatar kowa lafiya, sannan fushin ya dawo masa.

"Abincin tsutsa ne kuka cinye! Na tsutsa!"

"To ai ba ka faɗa ba. Kuma mutum ya fi tsutsa."

Daga ranar bai ƙara yarda ya sa guba a kan mastad ba, don ya san ko ya hana sai an tsinka. Ya koma daka 'ya'yan darbejiya yana jiƙawa, yana fesa ruwan. Tsutsa ta ragu, ba ta ƙare ba. Mata kuma suka aiko Kulu da ƙorafi, wai ya ɓata musu ganye da ɗaci. Dole ya ware musu nasu layin can nesa, wanda ba ya fesawa, tsutsa kuwa ta gane shi kafin su.

Yanzu Audi ya tsufa, gemu ya yi fari. Yakan huta da kabeji shekara guda ya dasa albasa don ƙwarin su rasa abinci, amma ba ya jurewa, sai ya koma. Rabin abin da ya dasa yakan kai kasuwa lafiya, wani lokaci fiye. Mutum huɗu ko biyar a fadamar sun bi sahunsa, suna zuwa neman shawara, yana ba su cikin faɗa.

Bara babban ɗansa Sabiru, wanda ke sayar da waya a Katsina, ya zo ya roƙe shi ya bar lambun ya huta, shi zai riƙe gidan. Audi yana tsugune, yana juya ganye ɗaya bayan ɗaya, bai ko ɗago ba.

"In bar mata? Ta ce ta kore ni?" Ya murje wata tsutsa tsakanin yatsu, ya goge a wando. "Matsa daga nan, ka tare mini haske."