Haƙoran Makulli

Shekarar da na fara koyar da lissafi a Jalingo, ciki da falo na kama a wani gidan haya a unguwar Turaki. Maƙwabciyata 'yar Mumuye ce, ma'aikaciyar jinya. Ita ta kula da ni lokacin da zazzaɓi ya kayar da ni, kuma duk Asabar sai ta miƙo min kunun gyaɗa ta taga. Ban da ita, ba ni da kowa a garin.

Sai man gyaɗata ya fara raguwa. Sabulu ma haka, ga kwaɗon ƙofata lafiya lau. Ni kuwa Allah ya yi ni da zargi, ko kaza ta kalle ni sau biyu sai na nemi dalili.

A makon nan nake koya wa ɗalibai alwatika biyu da suke daidai da juna. Ka yanko su a kwali, ka ɗora ɗaya kan ɗaya, ko ka juya ko ka kifa. In ba gefen da ya leƙo, to abu ɗaya ne sau biyu. Bakina yana aji, hankalina yana kan kwalbar mai.

Wata rana da la'asar maƙwabciyar tawa ta bar makullanta a bakin rijiya, ta ruga sauke tukunya. Na ɗauki na ƙofarta, na ɗora a kan nawa. Haƙori ya hau haƙori, kamar an tsaga kara. Raina ya ɓaci ƙwarai, don da ma addu'a nake kada su dace.

Da ta dawo na nuna mata. "Anti, yaushe kika yanko makullin ɗakina?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi nawa, ta je ƙofarta, kwaɗo ya buɗe. Ta matsa zuwa ƙofar wani ma'aikacin sakatariya da ke gidan, nasa ma ya buɗe. Har ɗakin ajiyar mai gida bai yi gardama ba.

"Mai gida ya sayo kwaɗo duka wuri ɗaya, Malam," in ji ta. "Kowa ya sani. Kai kawai ne ba ka sani ba." Ta ajiye min makullin a ƙasa, ba a hannu ba.

Ya kamata zargina ya mutu nan. Ina! Yaɗuwa ya yi. Duk wanda ya gaishe ni a tsakar gida sai in dubi aljihunsa. Ita ma ban sake ta ba: tunda ta sani, me ya hana ta gaya min tun farko?

Washegari na sayo sabon kwaɗo a kasuwa. Tana shanya a igiya ina ɗaura shi, ba ta juyo ba. Daga ranar mai ya daina raguwa, har yau kuma ban san hannun wa ba ne.

Da Asabar ta zo na buɗe taga tun da safe. Ina jin ƙamshin kunun, ina jin tana zuba wa 'ya'yanta. Sai da aka kira azahar na tashi na rufe.