Waƙar da na ɗauka ban tambaya ba

Shekarun baya can, ina koyarwa a wata ƙaramar makarantar 'yan mata a unguwar Madain Fahd da ke Jidda. Yawancin ɗaliban 'ya'yan Hausawa ne haifaffun Jidda, suna jin Hausa sarai, amma in za su amsa sai Larabci ya riga fitowa. Saboda haka na haɗa musu ɗan littafin karatu, shafi ashirin da wani abu, muka yi fotokofi aka raba. A bangon na rubuta sunana da manyan baƙaƙe, har da ja masa layi.

A cikin littafin akwai wata waƙar rarrashin jariri. Na ji ta ne a wani gidan suna, wata tsohuwa tana rera ta, na ɗauka a waya, na dawo gida na kwafe. Ko a raina ban kawo batun tambayarta ba.

Lokacin yara sun fara kwaso aikin gida daga intanet, sai mudira, wato shugabar makarantar, ta ce kowace malama ta yi darasi kan haƙƙin mallaka. Ni kuwa na zage. Na ce musu abin da mutum ya rubuta ko ya rera nasa ne. Kina iya ɗaukar layi ɗaya ko biyu don karatu in kin faɗi mai shi, amma kwashe duka sai da izini. Akwai kuma masu sakin aikinsu ga kowa bisa sharaɗi, to sai a bi sharaɗin. Ina ta zuba ina jin kaina, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu.

"Abla," ta ce, haka suke kiran malama, "waƙar da ke shafi na tara ta kakata ce. Kin nemi izininta?"

Na ce, "Za mu yi maganar daga baya," na juya ina goge allon da babu komai a kai.

Washegari yarinyar ta zo da saƙo: kakarta ta ga littafin, tana son ganina ranar Alhamis bayan la'asar. Ranar da saƙon ya zo kuwa Litinin ce.

Don ku gane tashin hankalina: iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, a ƙarƙashin ta maigidana take, kuma an rubuta a jiki ƙarara cewa ba a yarda in yi aiki ba. Mahaifin yarinyar nan kuwa ɗan ƙasa ne, ma'aikacin gwamnati. In ya kai ƙara, ba waƙa za a fara tambayata ba. Da na gaya wa mudira, cewa ta yi, "Ki je ki kashe wutarki a can. Kada ta iso ƙofar nan." Maigidana ya yi ta cewa in kwantar da hankalina, amma na gan shi ya ɗauko fasfo ɗinmu yana duba kwanan wata. Kwana ukun nan, ko mota ce ta tsaya a ƙofar makaranta sai na leƙa ta taga in ga ko su waye. Na tsara jawabin ban haƙuri ya fi kala biyar, har da ayar da zan jawo.

Ranar Alhamis na sayi turare na tafi. Na tarar da tsohuwar a zaune kan darduma, littafina a cinyarta, jikar na gefe. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Ba ta iya karatu ba, don haka ta miƙa wa jikar.

"Karanta mata."

Yarinyar ta karanta. A layi na huɗu tsohuwar ta ɗaga hannu.

"Wa ya ce miki haka ake faɗa?"

Na ce, "Inna, kalmar ce na ga yaran ba za su gane ba, sai na sauya da mai sauƙi."

"Kalmar da kika cire sunan garinmu ne. Mahaifiyata ce ta yi waƙar nan a hanya, da ƙafa suka taho daga ƙasar Hausa, ina goye. Ta sa sunan garin don kada in manta. Ke kuma kin mayar da shi 'gida'. Gidan wa?"

Duk jawaban da na haddace suka gudu. Na ce, "Na yi kuskure, Inna. Zan karɓe littattafan in yage shafin."

"Ki yage? To wa zai koya musu? Wannan ma," ta nuna jikar da haɓa, "sai da ta gani a takarda ta san waƙa ce." Ta gyara zama. "Ki bar ta. Duk mai so ya ɗauka, ya rera, ya buga. Amma a sa sunan mahaifiyata, kuma kada a taɓa kalma ɗaya. Halas, magana ta ƙare."

Na yi ƙarfin hali na tambaya ko ɗanta ya san zancen. Ta dube ni da mamaki. "Me ya haɗa shi da waƙar mata?"

A mako na gaba na karɓi littattafan duka, na bi su ɗaya bayan ɗaya da biro, na mayar da sunan garin, na rubuta sunan mahaifiyarta a ƙasa. Sannan na tsaya gaban ajin na faɗa musu abin da na yi. Wannan tsayuwar ta fi zuwa gidan wuya.

Tsoron iƙama ya wuce tuni, har dariya abin yake ba ni yanzu. Abin da bai wuce ba shi ne wannan: da a littafin wani farfesa na ga waƙar, wallahi da wasiƙa zan rubuta in jira amsa. Amma da yake a bakin tsohuwar da ba ta iya riƙe alƙalami ba na ji ta, sai na ɗauka ba ta da mai ita.