Suna a ƙofar gida

A da, in aka haihu a gidana, ƙofar gida ake shimfiɗa tabarmi. Haka na yi a Agadez, haka na yi a Kartum. Yanzu a Greensboro ta Amurka, in aka gayyace ni suna, kujerar cikin falo nake nema, wadda ke jikin bango.

Haƙar rijiyar burtsatse ce ta kai ni Afganistan. Na zauna a wani ƙauye na gabas, na koyi Pashto a kan Larabci da Faransancin da nake ji. Can na auri Zarmina, bayan rasuwar matata ta fari. Yaƙin ya riga ni zuwa. Sojojin ƙetare suna sama, suna kan titi. Mayaƙa kuma suna tsallakowa daga iyaka da makaman da wasu suka ba su. Mun saba, mun gaji.

Zarmina ta haifi mace ranar Talata. Na ce suna irin namu zan yi: maza a ƙofar gida da sassafe, rago a ɗaure. Surukina, Haji Gul, ya ce a nan an daina tara maza a fili, domin jirgin da ke sama ba ya bambance biki da taron yaƙi. Na ce rabin awa ce kawai. Don kunyata ya yarda.

Da Talata ta zagayo, ƙarfe shida da rabi muka zauna, mu goma sha huɗu. Babu goro, sai na raba zabibi da shayi. Bakwai saura kwata na shiga ciki in ƙara jin ko Zarmina ta amince da sunan kafin in faɗa wa liman. Ina bakin ɗakinta aka yi harbi daga gonar rumman ta bayanmu, sau uku. Sai shiru. Sai wani siririn fito daga sama.

Katangar gaba ta rufto. Kunnuwana suka toshe. Na leƙa waje sau ɗaya. Babu tabarmin. Ragon yana tsaye a turkensa, bai ko ƙwarzane ba.

"Ku bi rafi! Kada ku hau titi!" wani ya yi ihu.

Na naɗe jaririyar a rawanina. Zarmina, mai jegon kwana bakwai, ta biyo ni tana dafa duwatsu. Ƙarfe goma muka tsaya, jini ya jiƙa mata wando. Da azahar muka ji an sake buga ƙauyen. Da la'asar wata motar albasa ta ɗauke mu zuwa birni. A bayan motar na raɗa wa yarinyar sunanta, Hadiza, babu liman, babu mai cewa amin sai uwarta.

Mutum tara aka binne daga tabarmata. Har da Haji Gul, da liman, da yayyen Zarmina biyu. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba.

Watan jiya an yi suna a Pleasant Garden, kusa da Greensboro, a filin bayan gida, ni kuwa ina cikin falo. Mai gidan ya ce, "Alhaji, fito mana, ga inuwa." Na ce nan ma ya isa.

Tun daga waccan Talatar ban sake tara mutane a ƙofata ba.