Gangar Noma Ta Kusa Kashe Ni

Jama'a, jiya na sha wuya. Saura kaɗan ku ji sanarwar jana'izata.

Gayya muka je gonar aminina Umaru a Dangoma. Makaɗin noma ya hango ni, ya kama kirarin da ake yi mini tun ina saurayi. Kaina ya kumbura! Na duƙa da galma, na tsere wa samari, kunya uku ban ɗago ba.

Sai ƙirjina ya rikice. Zuciya ta buga da gudu, ta tsaya, ta sake zabura kamar kifi a taru. Na zube!

Umaru yana ihu: "Ku tsai da gangar nan! Ɗanjuma zai mutu!"

A asibiti likita ya manna mini wayoyi a ƙirji. Ya ce, "Baba, bugun zuciyarka ya rasa tsari. Yi aiki a hankali. Irin wannan tseren zai iya kashe ka."

Na ce, "To gerona fa? Ciyawa ta rufe shi."

Ya ce, "Gero ko rai?"



Yau da safe na haɗiye maganin da likita ya ba ni, na saɓa galma, na nufi gonata. Makaɗin ya tare ni a hanya zai fara kirari. Na ce, "Rufe mini baki."