Filaya Ba Sifana Ba Ce

Jiya a Ƙaura na tsaya ina kallon wani bakanike yana cizon notin birkin motata da filaya, har kan notin ya suɗe. Da abin ya gagare shi, sai ya ɗauko guduma. Tir! Sai marigayi Baba, tsohon bakanikenmu na Shinkafi, ya faɗo mini a rai.

Sifanoninsa a jere suke kan buhu, kullum a goge, suna warin baƙin mai. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, ya taɓa kama ni ina murɗa notin birki da filaya, alhali mota cike take da fasinjojin Zurmi. Ya buge mini hannu.

"Mi kaka yi haka, direba? Noti mai gardama, sifana mai zobe. Inda zobe bai shiga, mai buɗaɗɗen baki. Gari duk ana zancen shari'a, kai ko za ka ɗauki rayukan mutane bisa ha'inci?"

Jiya dai a gareji na bar motar, na hau haya.

Allah Ya haskaka kabarinka, Baba. Mu kuma Ya raba mu da masu filaya.