Kiɗan da Yayana Bai Ji Ba

Yayana makaɗin jaz ne, gangunan nan masu ƙafafun ƙarfe da faifan tagulla, da mutum ɗaya ke bugawa da hannuwa da ƙafafu. Gidanmu kaf masunta ne a bakin ruwan Yelwa, shi kaɗai ya ƙi taru. Har Inna ta rasu tana mitar ya bar abinci ya kama hayaniya.

Wani mawaƙin biki yake bi, su da mai fiyano. Jama'a mawaƙin suke zuwa gani. Ni kuwa, Allah na tuba, fatana janareta ya mutu. In ya mutu, fiyano shiru, makirufo shiru, sai a bar wa yayana fili kafin a gyara. Sai ya rufe ido. Ya fara da ƙafa, can ƙasa, kamar ana daka a maƙwabta. Hannun hagu ya shigo yana tsokana, na dama ya ba shi amsa, su yi ta gardama har faifan tagulla ya raba su. Wallahi na ga tsofaffi masu bandar kifi sun tashi suna takawa da ciwon gwiwarsu.

Zaman gindin lasifika ya cinye masa kunne. Ni na fara ganewa, ya roƙe ni in yi shiru, don in mawaƙin ya sani, aikin ya ƙare. Da ido ya koma kiɗa: ya dubi kafaɗar mawaƙi, ya dubi ƙafafun masu rawa. Haka muka yi ta ɓoyo.

Wani biki a ƙasar Ngaski, bayan la'asar, janareta ya mutu. Yayana ya manta kansa, ya rufe ido. Ban taɓa jin ya buga irin na ranar ba. Sai ga janareta ya tashi da wuri, la'ananne! Fiyano ya dawo, mawaƙi ya ɗauko waƙar uwar ango, yayana na can yana zuba kiɗansa. Na yi ta ihu, "Yaya! Yaya!" Ina! Dariya ta ɓarke ta ko'ina. Mawaƙin ya taka ya riƙe masa sanda a sama, ya yi masa magana a kunne, ya sake yi, sannan ya ja da baya yana kallonsa. Ya gane. Tun ranar ba wanda ya sake kiran yayana kiɗa, kuma har yau raina bai daina ƙuna ba.

Ranar, ni da yayana muka shiga jirgin ruwa na komawa gida, har muka yi nisa. Ya juyo.

"Ke, hwaɗa min gaskiya. Ya yi daɗi?"

Na ce, "Yaya, ba ka taɓa yin kamarsa ba."

Ya ƙura wa bakina ido, ya matso.

"Mi kika ce?"