Durom ɗin da Ƙanƙara Ta Amayo

Ƙanwata Yangji ta hau manyan duwatsunmu sau tara kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Sai ta buɗe masaukin baƙi a ƙauyen Pangboche, tana hayar shanun yak duk shekara su sauko da sharar da mahawa suka bari a sama. Ni na laƙaba mata Sarauniyar Bola, sunan ya bi ta, ko a jikinta. Ni kuwa da yake na iya baki, ni ake turawa taro in yi jawabi kan tsabtar dutse, a tafa mini.

Abin da ban taɓa faɗa a taro ba, shekara ashirin na yi ina kuku a sansanin mahawa, kuma a tsagar ƙanƙara muke jefa shara. Mukan ce dutse ya haɗiye. Ashe ƙanƙara tafiya take a hankali, har ta sauko ta narke ta zama ruwan da muke sha.

Bara Yangji ta aiko in same ta a bakin ƙanƙarar. Na tarar da ita da ma'aikatanta sun kewaye wani shuɗin durom cike da gwangwanaye da batura. An ɗaure murfinsa da kata, farin gyalen albarka da ake rataya wa matafiyi. Nan take na gane shi. Wata shekara igiya ta ƙare mini, na cire na wuyana na ɗaure shara da shi. Innarmu ce ta rataya mini.

"Wane marar kunya ne ya yi wannan?" in ji wani dattijo cikinsu.

Yangji ta sa takalminta ta rufe sunana da ke rubuce da jan fenti a jikin durom ɗin.

"Ku je ku sha shayi," ta ce. "Yayana zai sauke wannan."

Da suka tafi, kunya ta hana ni ɗaga kai. Na ce, "Yangji, lokacin fa kowa haka yake yi."

"Shara kowa ya zubar, Yaya, har ni. Amma wannan gyalen, da ƙafarta mai ciwo Inna ta taka har wurin lama, malamin addininmu, ya sa masa albarka. Ni na riƙe ta a hanya."

Ta kwance gyalen, ta karkaɗe, ta naɗe. Na miƙa hannu in karɓa, ta cusa shi cikin rigarta.

"Naka ga shi nan," ta ce, ta nuna mini durom ɗin.